Jajayen Layuka Uku a Bargon Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, a gidanta da ke Magajin Gari cikin Birnin Gwari. Daga ɗakinta na tafi makarantar kwana, daga can kuma na wuce jami'a. A shekarar da na kammala karatu, lokacin ba a daɗe da mayar da tuƙin mota hannun dama ba, aka ba ni aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke kusa da Zariya. Da na zo gida hutun ƙarshen zango, cikin zafin bazara, sai na tarar Gwaggo ta rame har zanenta yana zagaye ta ya yi saura. Ba ta wuce randa ba tare da ta ɗebi moɗa guda ba, kuma da zarar ta sha, ba a jimawa sai ta nufi makewayi.

Wadda ta fara gane abin da ke faruwa ita ce maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi, Kirista, wadda muke kira Iya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, kuma wani ɓangarenta ya zube tun ina yarinya, ba wanda ya gyara, domin ta nan suke ƙetarawa. Iya ta koyi saƙa da tsinke biyu a ajin mata na majami'arsu, ita ce kuma ta koya wa Gwaggo. Sai dai Gwaggo ta ce tsinke biyu sun yi wa mai hannu biyu yawa, saboda haka ta koma ga kwarashi, wato tsinke ɗaya mai 'yar ƙugiya a baki, ta ƙware a kansa har ta fi malamarta sauri. Da wuya a sami jaririn da aka haifa a unguwarmu wanda bai sa hula ko safa daga hannun ɗayansu ba.

Iya ta ja ni gefe ta ce, "Malama, je ki duba inda Gwaggonki take kama ruwa. Kiyashi sun yi layi kamar an zubar da zuma. Haka ya yi wa ƙanen mijina. Kada ki tsaya jiƙa saiwa, ku tafi asibiti."

Gwaggo ɗa ɗaya gare ta, wanda nake kira Yaya, akawu ne a wani ofishi a Kaduna. Shi ya tarye mu ya kai mu babban asibiti. Likitan da ya duba ta mutum ne mai yawan shiru, ɗan kudu, amma Hausarsa ta nuna ya daɗe a arewa. Bayan gwaje-gwaje ya ce ciwon sukari ne. Ya rubuta ƙwayar da za ta riƙa sha kowace safiya. Ya hana ta sukari da zuma da rake da mazarƙwaila, ya ce malmalar tuwonta kada ta wuce dunƙulen hannunta, ta yawaita wake da zogale da rama. Sannan aka ba mu kwalba cike da wani ruwa shuɗi, da 'yan siraran kwalaben gwaji, da abin ɗiga ruwa, da kati mai ɗauke da launuka biyar.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda na rubuta shi a ranar. Kowace safiya, kafin a ci komai, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan shuɗin a siririyar kwalba, a ɗiga fitsari ɗigo takwas, a tsoma kwalbar cikin tafasasshen ruwa minti biyar. Idan ruwan ya tsaya shuɗi, babu sukari. Idan ya koma kore, akwai kaɗan. Daga nan sai rawaya, sai ruwan goro, sai ja irin na bulo, wanda shi ne mafi muni.

Likita ya ce, "Bayan wata uku ku kawo mini launin kowace safiya a rubuce. Idan ja da ruwan goro suka rinjaya, ƙwaya ba ta isa ba ke nan, sai allura kullum. Maganin allurar kuwa yana son wuri mai sanyi, yana kuma son wanda zai riƙa yi mata. To, sai ta dawo Kaduna da zama."

Yaya ya ce, "Ai ɗaki yana nan, Inna. Me ma za a jira har wata uku?"

Muka shiga mota, muka bar gari, daji ya rufe mu hagu da dama. Sannan Gwaggo ta ce, "Awakina fa? Gonata ta hanyar Saminaka fa? Ƙawata fa? Ni in zauna a ɗakin da ake jin tarin maƙwabci ta bango, ina leƙen titi ta taga? 'Yar nan, ko tsakuwa likitan nan ya ce in ci, zan ci, muddin za a bar ni a ɗakina."

Kwana shida suka rage mini in koma aiki. Na sami sabon littafi, na ja layuka da rula, na yi gurbin kowace rana da gurbin kowane launi, na rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe. Na yi alfahari da wannan littafi ƙwarai. Gwaggo ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Gonar wa aka yanka haka ƙanana-ƙanana?" Ba ta karanta boko, ajaminta kuma na karatu ne, ba na rubutu ba. Na ce ba sai ta rubuta komai ba, ta dai ɗiga alama da fensir a gurbin da ya dace. Safiya ta farko ta sa alamar a ranar da ba ta zo ba tukuna. Safiya ta biyu ta riƙe littafin a kife, alamar ja ta faɗa gurbin shuɗi. Iya tana ɗan karanta littafin waƙoƙin majami'a, amma ta ce 'yan gurabun nan suna yi mata rawa a ido. Hankalina ya tashi matuƙa, domin na san likita ba zai dogara da rubutun da ba a san gaba da bayansa ba, kuma idan bai dogara da shi ba, Kaduna ce.

Safiya ta uku kwalbar ta fito ruwan goro. Iya tana zaune a kan turmi da kwandon zarenta, sai ta zaro wani guntun ulu ta kara shi da kwalbar, ta ce, "Ƙawata, dubi ikon Allah. Ai launin safar da kika yi wa jikan mai unguwa ne."

Gwaggo ta ƙanƙance ido ta ce, "Shi ne kuwa. Sai dai na jiya ya fi wannan duhu."

Na tsaya ina kallonsu. Ni da na yi gwajin jiya da hannuna ban lura da wannan bambanci ba. Matan nan biyu sun shekara ashirin suna musu a kan launin zare, idonsu ya fi nawa kaifi nesa ba kusa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, har na kusa ture gwangwanin ruwan zafi. Na ce, "Gwaggo, in kin saƙa layi ɗaya kullum da launin da kwalbar ta nuna fa? Layi ɗaya, rana ɗaya!"

Dole in faɗi cewa Iya tana da'awar ita ce ta fara furta wannan magana, ni kuwa na amsa ne kawai. Na tambaye ta sau biyu, ba ta sauya ba. Na rubuta yadda na tuna, amma ba zan rantse ba.

Ko wace ce ta fara, gidan ya kaure da murna. Gwaggo ta tafa hannu ta ce wannan karatun nata ne, ba wanda zai koya mata. A kasuwarmu shuɗi da ja da fari kawai muka samu, sai na hau mota zuwa Funtuwa da katin asibiti a jaka. Na bi rumfuna ina kara ulu da kati, na ƙi kore iri biyu, ɗaya ya yi haske, ɗaya ya yi duhu, har wani mai rumfa ya tambaye ni ko tutar ƙasa zan saƙa. Na dawo da launuka biyar cif.

Saura batun minti biyar, domin babu agogo a gidan. Muka gano cewa Iya tana saƙa layi biyu na rigar sanyin yaro a cikin minti biyar. Na gwada ta da agogon hannuna har sau uku. Bambancin bai wuce 'yan daƙiƙu ba, kuma ko da yake daƙiƙun sun ɗan dame ni, na haƙura. Aka tsayar cewa kowace safiya bayan sallar asuba Iya za ta ƙetaro da tsinkenta, ta zama agogo kuma ta zama shaida.

Na ce a yi abin siriri, kamar ɗamara, don kada a ɓata zare. Gwaggo ta ce, "Ni ba na saƙa igiya. Matar Yayanki tana da ciki. Bargon jariri zan yi, faɗin kamu biyu." Na ce to, ban kawo komai a raina ba. Ta saƙa layukan kwanakin da suka wuce bisa abin da muka tuna tare, na duba, na koma makaranta.

Ƙarshen wata na farko, daga tasha kusan da gudu na iso gida. Ban ko ajiye jaka ba na ce a nuna mini. Gwaggo ta warware shi a kan cinyarta. Daga ƙasa ja ne da ruwan goro suna ta musanya, sai ruwan goro ya zauna, sai rawaya ta shigo ta daɗe, sannan can sama, layuka biyu kore shar! Na rungume ta, na rungume Iya, na sake ƙirgawa. Kwanaki da layuka suka zo daidai. Abin da likita ya faɗa da baki, ga shi a shimfiɗe kamar tsani, mutum yana ganin yadda ciwon yake sauka mataki-mataki.

Gwaggo kanta ta ɗan murmure. Ƙishirwar ta ragu, ta koma zuwa gona da ƙafa. Ƙorafinta dai bai ragu ba. Ta ce koko ba sukari kamar an dama toka ne, ta ce akuyarta ma ta fara hararar ta saboda sun haɗa kiwo a kan zogale. Amma ta ce tun da ta gane cewa duk lomar da ta wuce ƙa'ida za ta fito a bargo kowa ya gani, sai hannunta ya riƙa tsayawa da kansa a bakin kwano. Idan kwaɗayi ya taso mata da hantsi, sai ta ɗauki kwarashi ta kama hular wani jariri har abin ya wuce. A watan nan kaɗai ta gama huluna bakwai.

Wata na biyu ban sami zuwa ba, saboda jarrabawar ɗalibaina. Sai wani direba ɗan garinmu ya tsaya a ƙofar makaranta ya aiko a kira ni. Ya ce, "An ce in gaya wa Malama, shuɗi ya fito. Ni dai ban san ko wane ne shi ba, amma an ce ya fito." Na koma ɗakin malamai ina dariya ni kaɗai, har shugabar makaranta ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau.

Na iso gida ana saura kwana biyu ranar komawa asibiti, da la'asar, damina ta yi nisa, dawa ta rufe hanyoyin unguwa. Gwaggo ta fito da ƙibarta ta da, fuskarta tana sheƙi. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta baza bargon a kai, ta ja da baya tana jiran yabo.

Ɓangaren ƙasa yana nan yadda na san shi. Sama da shi kore, sai shuɗi, shuɗi, kore. Daga nan sai ga ja ya ratsa, jawur. Bayan 'yan layuka sai ruwan goro. Sai shuɗi, sai kuma ja. Haka abin ya yi ta maimaituwa har sama. Na zauna a gefen tabarmar.

"Gwaggo, me ya faru?"

"Bai yi kyau ba?"

Na shiga ƙirga. Kwanakin casa'in da ɗaya ne, na san wannan domin ina soke su a kalanda. Layukan kuwa ɗari da goma sha takwas. Na sake ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa, haka dai.

"Gwaggo, layuka sun fi kwanaki yawa."

"To, ai dole. Adon fa?"

"Wane ado?"

"Ke 'yar nan! Shuɗi, shuɗi, kore, shuɗi, shuɗi. Jikana za a haifa, ba ɗan firamare za a ɗinka wa yunifom ba. Ga jan zare mai kyau yana kwance a kwando ba aikin yi, ga ruwan goro, duk kin sha wahala kin kawo su daga Funtuwa. In bar wa asu?"

Na ce, "Gwaggo, ja fa shi ne allura. Ja shi ne Kaduna. Wata uku kina cin zogale, kin kuma saƙa wa kanki hukunci da hannunki. Yanzu wa zai san na gaskiya da na ado?"

Iya ta ji hayaniyar ta ƙetaro. Da ta fahimci abin da ake ciki sai ta riƙe ciki tana dariya. Ta ce, "Ƙawata, nuna mata. Sun ba ta digiri, sun manta ba su ba ta ido ba."

Gwaggo ta durƙusa, ta kama ɗan yatsana, ta bi da shi a kan wani layi shuɗi. Sumul yake, a shimfiɗe. Ta ɗaga yatsan ta ɗora a kan jan da ke sama da shi. Sai na ji tudu-tudu, kamar an jera ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin zaren.

Ta ce, "Na kwalba a shimfiɗe nake saƙa shi. Na ado nake yi wa ƙulli. Ko makaho ya shafa zai raba su. Kina tsammanin zan haɗa maganar likita da wasa?"

Iya ta juya gefen bargon ta nuna mini 'yan guntayen farin zare da aka ɗaure a jere. Ta ce, "Waɗannan kuma nawa ne. Duk Lahadi kafin in tafi sujada nake ɗaura ɗaya, don kada Malama ta zo ta ce mun ɓatar mata da mako."

Ban taɓa jin sanyi ya sauko mini a zuciya irin na wannan lokaci ba. Na ɗauko takarda na bi layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina tsallake masu ƙulli. Na ado ashirin da takwas ne. Na kwalba casa'in. Saura ɗaya. Na bi fararen zaren Iya na gano makon da yake da layi shida maimakon bakwai, sai suka tuna cewa a makon ne suka je ta'aziyya Gwaska, ruwa ya tsare su suka kwana. Gwaggo ta ce Talata ce, Iya ta ce Laraba. Na bar gurbin da alamar tambaya, kuma har yau ban san ranar ba.

Abin da takardar ta nuna ya sa na riƙa tsalle a zaune. Tun daga tsakiyar wata na biyu, kusan duka shuɗi ne da kore, sai rawaya jefi-jefi. Ina cikin wannan murna yatsana ya faɗa kan wasu jajayen layuka uku a jere, a mako na goma. Na shafa, na sake shafawa. Babu ƙulli.

Gwaggo ta kawar da kai ta ce, "Zuma ce. Ƙanen marigayi mijina ne ya kawo daga daji, cikin gora, sabuwar ɗiba. Mutum ya tako tun daga can da kyauta, in ce masa likita ya hana? Na ce zan lasa kawai. Sai ga Bafulatanarmu da nono mai kauri, ga fura."

Iya ta ce, "Kwana uku kina lasa."

"Kwana biyu! Na ukun, wadda ta riga ta shiga jiki ce."

A nan na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na rage murya na ce, "Gwaggo, layukan nan uku suna tsakanin na ado ne. Idan muka ce su ma ado ne, ba lalle ya shafa ba."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ke ce kuwa kika sa ƙawata ta saƙa layi biyu har sau uku saboda daƙiƙa? Da ɓoyewa nake so, ai tun ranar zan ɗauki shuɗi. Ba mai gani sai ƙawata, ita kuma da ta rufa mini asiri."

Iya ta ce, "Da ban rufa ba."

"To, kin ji. In ya ba ni magani a kan ƙarya, cikin wa zai shiga? Naɗe mini bargona."

Ranar asibiti Yaya ya tarye mu a bakin ƙofa. Ya tambayi littafin da likita ya ce a kawo, Gwaggo ta buga ƙunshin da ke hammatarta. Ya dube ni, na ce ya yi haƙuri ya gani.

Da muka shiga, na miƙa takardar da na kwafe launukan a kai, na fara bayani da Turanci. Likita ya saurara kaɗan, sai ya ɗaga hannu ya ce a nuna masa ainihin abin. Ya ture takardun da ke gabansa gefe, Gwaggo ta baza bargon ya rufe teburin har ya sauko. Ta kama daga ƙasa tana yi masa bayani kamar mai nuna iyakar gona: nan ne aka fara, nan rawaya ta ƙi tafiya, nan ne ranar da shuɗi ya fara fitowa har ƙawarta ta yi guɗa ta tashi unguwa. Ta nuna masa bambancin shimfiɗaɗɗe da mai ƙulli. Mutumin nan mai yawan shiru ya rufe ido, ya bi layukan da yatsa yana cewa, "Gwaji. Gwaji. Ado. Gwaji." Bai kuskure ko ɗaya ba. Sai ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa nas-nas kira, suka shigo su uku, suka kewaye teburin suna shafawa suna tambayar yadda ake ƙullin.

Yatsansa ya iso mako na goma ya tsaya. 

"Wannan fa, Mama? Ba ƙulli."

"Zuma ce, likita. Kwana biyu na sha, ta yi kwana uku tana rama."

Ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya daina, ya duba layukan da suka biyo baya: ruwan goro, rawaya, kore, kore, shuɗi. Ya tambaye ta ko ta ƙara ƙwaya a kwanakin nan. Ta ce a'a, ta dai ba Iya sauran zumar ta kai gidanta. Ya juyo gare mu ni da Yaya ya ce waɗannan layuka uku sun fi sauran amfani a wurinsa, domin sun nuna masa cewa gwajin na gaskiya ake yi, sun kuma nuna cewa ƙwayar tana iya dawo da ita hanya idan ta kiyaye bakinta. Duk da haka ya ce ba zai yanke magana ba sai an ɗebi jininta. Ya duba idanunta, ya duba tafin ƙafafunta da tsakanin yatsu, aka auna nauyinta, aka ce mu jira.

Mun fi awa biyu a kan benci. Ni na kasa zama, ina kai da kawo a barandar. Yaya yana ta duba agogo. Gwaggo kuwa ta fito da kwarashi ta kama yi wa bargon baki da farin zare, matan da ke layi suka matso suna kallo, har ta fara koya wa wata yadda ake riƙe tsinken.

Da aka sake kiranmu, likita yana tsaye da takardar sakamako. Ya ce, "Mama, ba allura yanzu. Ki koma gidanki."

Na ji kaina ina cewa alhamdu lillahi da ƙarfi, har sau nawa ban sani ba. Gwaggo ta ɗaga hannu biyu sama, sannan ta shafa a fuska. Likita ya jira muka lafa, ya ce akwai sharuɗɗa. Ƙwaya da gwaji za su ci gaba, za ta dawo bayan wata uku, ba za ta ƙara shiga gona ba takalmi ba, kuma ko ƙaya ce ta soke ta a ƙafa, kada ta jira. Ya ƙara da cewa nan gaba ado a yi shi da fari, launin da kwalba ba ta fitarwa, don kada a sa 'yarta hawan jini. Daga ƙarshe ya roƙa a bar masa bargon ya nuna wa masu koyon aiki.

Gwaggo ta fara naɗewa ta ce, "Wannan yana da mai shi, yana hanya. Na gaba zan ara maka."

Sai a lokacin Yaya ya gane. Ya ce, "Inna, wai da bargon gwajin fitsari za a lulluɓe mini ɗa?"

"Zaren ya taɓa kwalba ne, mara kunya? In ba ka so, matarka tana so."

Ya yi ta roƙo mu kwana, ya ce an riga an ɗora girki. Gwaggo ta yarda ta je ta gai da surukarta, ta ba ta bargon hannu da hannu, ta ci ɗan dunƙulen tuwo, amma ko mayafinta ba ta cire ba. Ta ce wanda aka sallama ba ya kwana a bakin ƙofa. Muka sami motar yamma.

Duk tsawon dajin tana lissafa mini launukan da za ta buƙata, da irin bakin da za ta yi wa bargo na biyu. Muka shigo gari rana tana gab da faɗuwa. Ashe Iya tun azahar take zaune a tasha a kan wani benci, da tsinkenta biyu a hannu, tana duba kowace mota. Tun direba bai gama tsayawa ba Gwaggo ta zuro kai ta taga ta ƙwala, "Ƙawata! Ba allura! An bar ni!"

Iya ta saki saƙar ta faɗi ƙasa, ta rangaɗa guɗa har masu lodi suka juyo. A ɗakinta Gwaggo ta kwana a ranar, kuma a cikinsa take har yau da nake wannan rubutu.